Igiyar Awon Surukina

Bayan da gwamnati ta rufe boda saboda shinkafa, azumi ya faɗo mana a tsakiyar bazara. A lokacin ina aiki a wani shagon walda a bakin titin da ya miƙe zuwa Maraɗi, mu biyu ne, ni da mai shagon. Kafin a rufe, manyan motoci ne abincinmu: bodin da ya tsage, ƙarfen da ramin hanya ya karya. Da motoci suka daina wucewa sai muka koma ƙofofi da tagogi da kurar 'yan garuwa da murhun gawayi.

Aikin bazara da safe ake yin sa. Mukan tayar da janareto da fitowar rana. Kafin azahar ƙarfen da ke waje ya ɗauki zafi, ba ya taɓuwa sai da tsumma. Daga nan sai mu koma ƙarƙashin rumfar kwano, wadda ba ta fi waje sanyi ba, mu zauna muna kallon titin da babu kowa a kansa.

Mutanen ƙauye ba sa aiko mana da lamba idan suna son ƙofa. Igiya suke aikowa mai ƙulli biyu. Daga bakin igiya zuwa ƙulli na farko faɗi ke nan, zuwa na biyu kuma tsawo. Wannan ya yi mini daidai, don a lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, lambar jikin tef ba ta gaya mini komai, amma igiya ina gane ta sarai. Dokar mai shagon ita ce a rataye igiya a ƙusa har a kai aiki. In gardama ta tashi, a sauko da ita, ita ce shaida.

Wata safiya ƙanin matata ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar shago. Ɗan kabu-kabu ne, magidanci mai 'ya'ya biyar, kuma tun rufe boda ya fi sanin hanyoyin daji a kan titi. Ya miƙo mini igiya ya ce saƙon Baba ne daga Riko. Surukina yana son ƙyauren ƙarfe a ɗakin da yake ajiye hatsi, kafin ruwa ya sauka. Geron da gidan zai ci har kaka yana ciki, irin shuka ma yana ciki, kuma awaki sun gama da tsohon ƙyauren.

Na shimfiɗa igiyar a ƙasa. Tsawo ya yi daidai da ƙofar mutane. Faɗin kuwa, jaki da kaya zai wuce bai gogi ko'ina ba. Na san ɗakin nan. Na sha shigar da buhu cikinsa, kuma a kaikaice nake shiga. Igiyar tana kuma warin fetur. Na tambayi ƙanin matata ko ya taɓa ta a hanya, ya ce shi ɗan aike ne, kuma in ban iya aikin ba in faɗa, akwai masu walda a Katsina.

Riko ba nisa. Da na hau babur na je na auna da kaina, da kafin la'asar na dawo. Amma mutum ba ya shiga gidan surukinsa da igiya a hannu ya sake auna abin da surukin ya riga ya auna. Na roƙi matata ta bincika mini a hankali. Ta ce ita ba za ta je ta tambayi ubanta ko ya iya ɗaura ƙulli ba. Na kai maganar wurin mai shagon. Ya dubi igiyar, ya dube ni, ya ce abin da igiya ta ce shi ake yi.

Kwana shida na yi a kan ƙyauren. Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba. Na zaɓi ƙarfe mai kauri, na sa masa sakata biyu, ciki da waje, na goge duk inda walda ta yi tudu, na shafa masa koren fenti har sau biyu. Tunda na san zai yi girma, na ga gara kada ya haɗa girma da muni.

Muka ɗora shi a a-kori-kura, ƙanin matata yana biye da mu a babur. Da muka jingina shi a jikin ɗakin, ya rufe ƙofar, ya kuma rufe bango kamar kamu biyu. Surukina ya fito da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya zagaya ƙyauren, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ja sakata ya mayar.

Ya ce, "Malam, ƙofa ta yi kyau. Ɗakin ne ya yi mata kaɗan."

Na ce, "Baba, in an ba ni kwana biyu sai in rage ta."

Ya ce, "A'a. Ba a mayar da aikin hannunka. A kira magini."

A bayan ɗaki ƙanin matata ya ja ni gefe. Ya ce ranar da aka ba shi igiyar, robar da yake ɗaure jarkoki da ita ta tsinke a daji, sai ya kwance ƙulli ɗaya ya yi ɗauri da igiyar. Da ya sauke kaya ya mayar da ƙullin inda yake ganin nan ne. Na ce ya je ya faɗa wa Baba. Ya ce Baba bai san yana ɗaukar fetur ba, kuma ni ne mai walda, me ya hana ni lura. Na ce na lura. Ya ce to ashe laifina ne.

Magini ya zo washegari. Ɗakin laka ne, rufin soro. Ya ce in za a faɗaɗa ƙofa sai an cire azarar da ke samanta a sa mai tsawo, kuma sabuwar laka tana son kwana goma ta bushe. Surukina ya ce a yi. Ina tsaye a wurin, na san abin da ya kamata in faɗa, kuma ina jin shi ma ya san na sani. Muka yi ta yi wa juna sannu da aiki. Ni na riƙe wa magini tsani.

Kwana huɗu bayan nan, da la'asar, hadari ya taso daga gabas. Ruwan farko ne, ya zo da iska. Ina shago muna shigar da janareto. Kafin magariba aka aiko cewa sabuwar lakar ta jiƙe ta zame, azara ta sauko, rabin rufin ya biyo ta. Ba kowa a ciki.

Da safe na je da shebur. Muka yini muna tonon hatsi daga cikin laka, mata suna shanya abin da ya shanyu a tabarmi. Ƙyauren yana tsaye a firam ɗinsa, a kulle, ko fenti bai kankare ba. Surukina ya zo ya tsaya kusa da ni, ya dafa shi ya ce ƙarfe mai kyau ne. Na ce Allah ya mayar da alheri. Ya ce amin. Har yau maganar igiya ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Irin shuka na shekarar daga wurin ƙanin surukina na Gangara aka samo.

Abin da aka rasa: bangon gaba da rabin rufi, azara tara, buhu huɗu na gero, tiya shida ta irin shuka, kwaryar awo ɗaya, da kaza mai kwanci da ƙwanta goma sha ɗaya.