Mai Kunne da Na'urar Ruwa

Ina 'yar shekara bakwai na fara jin sunan. Wata mata ce ta faɗo gidanmu, zanenta a jiƙe har gwiwa, tana cewa, "Don Allah ina Mai Kunne yake? Ɗakina ya koma tafki!" Mahaifiyata ta zungure ni ta ce, "Kawunki ake nema, ruga ki kira shi."

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma gyaran famfo ne sana'arsa. A jakarsa akwai sifana da filaya da sauran tarkace irin na kowane mai gyara, amma abin da ya jawo masa sunan shi ne wani siririn sandan ƙarfe da ya ƙwama wa katako a kai. Idan bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, sai ya kafa tsinin sandan a kan siminti, ya manna kunne a katakon, ya rufe ido. Ya ɗaga, ya matsa taku biyu, ya sake kafawa. Mu yara har numfashi muke riƙewa. Can sai ya ce, "Nan." A fasa wurin, ga ruwa yana tsartuwa. Akwai wani mai gidan haya da ya farfasa daɓen ɗaki uku yana neman inda ruwa yake yoyo, Kawu ya zo ya nuna masa ƙarƙashin matakala kafin shayin da aka kawo masa ya huce. Ko kurɓar ruwa ya yi, zai faɗa maka tankinka ya yi tsatsa ko wanki kawai yake so. Shekara talatin da ɗoriya, ba a taɓa tona inda ya nuna a banza ba.

Matarsa, da muke kira Inna, tana fama da hawan jini, kullum da safe sai ta haɗiyi ƙwaya ɗaya. Wata rana, lokacin ina sakandare, ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Ta tashi lafiya, amma Kawu bai koma daidai ba. Mutumin da ba ya dawowa sai yamma ya koma leƙo gida sau uku a wuni, wai ya manta filaya.

A wannan halin ne wani saurayi mai ɗaure da laktaye ya same shi a wani gini da yake aiki, ya nuna masa na'ura fara sol, mai shuɗiyar fitila. Ana zuba ruwa sai ƙananan kumfa su riƙa tasowa kamar an watsa lu'ulu'u. Ya ce ruwan haidurojin take yi, yana wanke jini tas. Kuɗinta ya fi ƙarfin Kawu, sai ya sayar da babur ɗinsa. Daga ranar da ƙafa yake zuwa aiki, jaka a kafaɗa.

Da hannunsa ya kafa ta a falo, ya ja mata bututu miƙe sambal a jikin bango. Inna ta yafa mata farin leshi don ƙura. Kafin mako ya zagayo, maƙwabta sun fara sallama da robobinsu. Na ji tela, maƙwabciyarmu, tana cewa, "Ni ba na'urar na yarda da ita ba, Mai Kunne na yarda da shi. In ya ce ruwa na da kyau, wa ya isa ya yi musu?"

Bayan mako shida, Inna tana shanya sai jiri ya kwashe ta, ta kama igiya ta durƙushe. Ni da Kawu muka kai ta asibiti. Nas ta auna jininta, ta sake aunawa, sannan ta ce, "Mama, kina kuwa shan maganinki?"

"Wane magani kuma, 'yar nan? Ai Malam ya kawo mana ruwa."

Kawu ya ce, "Ke, yaushe na ce ki bar magani?"

"Sai ka faɗa? Mutumin da ya sayar da babur ɗinsa ai ya gama magana."

Nas ta ce da an ƙara kwana biyu a haka, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Muka dawo gida. Kawu ko takalmi bai cire ba, ya zaro sandansa, ya yaye leshin, ya kafa tsinin a jikin na'urar. Tun da ya saye ta bai taɓa sauraronta ba sai ranar. Ya daɗe ido a rufe. Da ya ɗago sai ya ce, "Na san wannan muryar. A wani otal na taɓa jin ta, cikin akwatin gilashin da suke kiwon kifi."

Ya ɗauko sukudireba. Na ce, "Kawu, in ka yaga wannan hatimin masu sayarwa ba za su karɓe ta ba fa."

"In mayar musu su sayar wa wani? A'a, Malama." Haka yake tsokanata saboda makaranta.

Abin da ke ciki bai cika tafin hannu biyu ba: ɗan injin hura iska, guntun tiyo, ƙwan fitila, sai wani dunƙulen ƙarfe da aka ɗaure a ƙasa don ta yi nauyi.

Inna fa ta ƙi yarda. "Ka lalata min abu, sannan ka ce dama ba ya aiki? Ni na ji sauƙi a jikina. Kishi kake da ita, don ta fi ka suna a layin nan." Ta ture ƙwayar da ya miƙa mata. Kuma a bakinta muka ji cewa tela ma ta ajiye maganin sukarinta.

Washegari da safe, lokacin da masu robobi suka saba zuwa, Kawu ya fito da tebur ƙofar gida, ya baje cikin na'urar a kai. Ya tari bokiti ɗaya a famfo kowa yana gani, ya tsoma tiyon, ya kunna injin. Kumfa suka taso, irin waɗancan sak.

"Ga abin da kuka yi wata ɗaya da rabi kuna sha," in ji shi. "Ruwan famfo ne da iska. Ni na kawo ta, ni na yabe ta, kuma ban san komai a kanta ba. Duk wanda ya bar maganinsa saboda ni, ya koma yau."

Mai askin layinmu ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai, Mai Kunne! Ashe kunnen ya toshe?"

"Bai toshe ba. Tsoro ne ya hana ni sa shi."

Dariyar ta tsaya. Kawu ya ɗauki jakarsa, ya bi gida tara da suke ɗiban ruwan, ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko akwai wanda ya bar magani. Ya sami mutum uku. Na sha ganin Kawu yana gano abin da ke ɓoye a ƙarƙashin siminti, amma ban taɓa ganin girmansa kamar ranar da ya yi ta sallama yana ƙaryata kansa ba.

Inna tana bayan labule, ta ji komai. Da ya dawo ta ce, "Ka gama tallar kanka?" Sai ta miƙa hannu ba tare da ta dube shi ba. "Ba ni ƙwayar. Kuma ruwan a kofi nake so, ba na bokitinka ba."

Da yamma na same shi yana cire bututun daga bango, na gaya masa abin da ke ci na. A gindin kwalin na'urar akwai wani ƙaramin rubutu da Turanci, cewa ba ta maganin kowace cuta. Tun ranar farko na karanta, na ga yadda yake murna, na ji nauyin in faɗa.

Ya ajiye sifana, ya dube ni. Na ɗauka faɗa zai yi.

"Malama, alfarma ɗaya nake roƙo. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu, Turancin ma ba ji nake ba. Duk takardar da ta shigo gidan nan, ki karanta min har ƙasa. In kin ga zan kauce, ki faɗa min, ko a gaban wa nake. Kar ki ƙara jin nauyina a kan lafiyar Innarki."