Ranar Da Na Hau Soro Na Ga Zara

Akwai wata magariba da ko an tashe ni daga barci zan ba da labarinta ban rasa komai ba. Mu biyar ne a kan soron gidanmu na unguwar Sheshe: ni, da babban ɗana mai sayar da yadi a kasuwa, da ɗansa, wato jikana da ke karatun kimiyya a jami'a, da Alhaji maƙwabcinmu na yamma, Babarbare ne amma a nan aka haifi kakansa, sai uwargidansa Hajiya, ƙawata tun muna amare. Damina ce, a shekarar da soja suka koma bariki, kowane zaure ba a zancen komai sai siyasa.

Ni ban yi boko ba, amma ido Allah Ya ba ni. Ba a shiga gidan nan da sabon abu ban gani ba. Don haka na ga lokacin da yaron ya shigo da wani dogon bututu fari mai ƙafa uku, ya ce aro aka ba shi daga makaranta, na kallon sama ne. Na ce sama dai ga ta nan kyauta, na ci gaba da tsince shinkafata.

Abin da ban gani ba shi ne hawansa soro. A cikin birni namiji ba ya hawa soro haka kawai. Ko magini ne zai yi yaɓe, sai an aika gida-gida an ce za a hau, mata su kintsa, domin daga sama tsakar gidan kowa a buɗe yake. Yaron nan shi ake aika wa maƙwabta da wannan sanarwa yana ƙarami, amma karatu ya mantar da shi. Ya yi ta hawa da magariba, bakin bututun yana fuskantar yamma, daidai gidan Alhaji mai 'yan mata uku.

Ran nan bayan la'asar sai ga Alhaji a zaure, yana kawo wa ɗana ƙarar yaron da murya ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ransa ya ɓaci sosai. Ɗana ya shigo fuska a murtuke. Dama ba ya son karatun nan, ya fi so yaron ya zauna masa a rumfa. Ya ce zai farfasa bututun, kuma daga gobe an gama jami'a, tunda abin da ake koyowa ke nan, leƙen gidajen mutane. Yaron ya durƙusa yana rantsuwa, uban ya ce ya rufe masa baki.

Na ce, "Ba wanda zai fasa komai sai na sa idona inda ya sa nasa. In na ga tsakar gidan Alhaji, da taɓaryata zan fasa shi, sannan in bi da mai shi."

Ɗana ya ce, "Iya, ke da gwiwar nan za ki hau soro?"

Na ce, "Da ita na goya ka."

Na aika aka gaya wa maƙwabta za a hau, na kuma ce Alhaji da Hajiya su zo su shaida. Da aka idar da sallah muka kama matakala, ina hawa ina hutawa, Hajiya na tura ni ta baya tana cewa na ƙara nauyi. Muna isa na ga hadari ya taso ta gabas, wani gajimare kuma ya tokare yamma a kan Goron Dutse. Yaron ya dubi sama, na ga gumi a goshinsa. In gajimaren nan bai matsa ba, ba shi da abin nunawa, ubansa kuwa ba mai jiran gobe ba ne.

Kafin nan na ce ya karkata bututun zuwa gidan Alhaji. Ya yi jim, na ce umarni ne. Na rufe ido ɗaya na leƙa. Ban ga komai ba sai wani dishi-dishi kamar an shafa koko a gilashi. Alhaji ya leƙa, ya daɗe, ya ɗago ya ce shi ma hazo ya gani. Yaron ya ce ai abin ba ya ganin kusa, an yi shi ne don abin da ke da nisan gaske. Ɗana ya ce wa ya sani ko murɗa wani abu ya yi.

Muna cikin haka gajimaren ya yage, sai ga Zara, fes, ita kaɗai a yamma. Yaron ya daidaita bututun da sauri ya ce, "Amaryata, zo ki ga kishiyar haskenki."

Na ce, "Ka fita daga bakin kura tukuna, sannan ka yi min wasan jika."

Na leƙa. Abin da na gani jinjirin wata ne, ɗan siriri mai ƙaho biyu, yana rawa kaɗan. Na ɗago na ce ya raina min hankali, wata ya nuna min. Ya nuna min can sama ta kudu, ga wata nan rabi, yana harkarsa. Na sake leƙawa, na sake ɗagowa. Da ido tauraruwa, a bututu jinjirin wata. Tun ina yarinya nake ganin Zara, ban taɓa sanin tana da ƙaho ba.

Yaron ya ciro lemo daga aljihu, ya karɓi tocilar Alhaji ya haska shi ta gefe. Ya ce mu ɗauka tocilar rana ce, lemon kuma Zara. Ba ta da hasken kanta, duniya ce kamar tamu, rana ke haska mata gefe guda. Tana kewaya rana, mu ma muna kewayawa, sai dai hanyarta ta fi tamu kusa da ranar. In ta zo wucewa tsakaninmu da rana, bayanta mai duhu take juyo mana, sai bakin-bakin hasken kawai muke gani. Ya zagaya da lemon, muka ga hasken yana ƙaruwa yana raguwa a jikinsa.

Hajiya ta ce, "To ba matar wata ba ce?"

Ya ce, "Hajiya, ko gaisawa ba sa yi. Wata namu ne, nan kusa yake. Ita tana can nesa ƙwarai, ido ne kawai ke haɗa su."

Alhaji ya ce, "Yaro, auren da aka ɗaura tun kakannin kakanni, kai ka zo ka raba da lemo ɗaya?" Dariya ta ƙwace masa, Hajiya ta taya shi.

Na koma bututun, sai na tarar Zara ta gudu. Na ce wani ya taɓa. Yaron ya ce ba wanda ya taɓa, kuma ba ita ta gudu ba, mu ne. Ƙasar nan da gidan da soron duka juyawa muke yi zuwa gabas, shi ya sa rana ke faɗuwa, ita ma Zara yanzu za ta bi ta. Ban ce na yarda ba, amma na kama hannun Hajiya na riƙe gam, ita ma ba ta sake ni ba.

Ɗana ne ya leƙa a ƙarshe. Ya daɗe har iskar hadari ta fara kaɗa masa riga. Da ya ɗago bai dubi kowa ba, ya ce wa yaron, "Rufe shi kada ruwa ya taɓa kayan mutane."

A nan na yanke hukunci. Na ce yaro bai leƙi gidan kowa ba, zai koma makarantarsa. Amma ya hau soro ba sanarwa, wannan laifi ne, ya durƙusa ya ba Alhaji haƙuri. Ya durƙusa. Alhaji ya ce ya yafe, da sharaɗin a nuna masa wata in an sake hawa. Muka sauko yayyafi na dukanmu.

Abin da na koya a daren nan, kada ka hukunta mutum a kan abin da yake kallo sai ka tsaya inda ya tsaya ka kalla. Saura ƙiris mu raba yaro da karatunsa saboda mu daga ƙasa muke hangensa. Shi kuma ya koyi cewa komai nisan da idonka ke kaiwa, maƙwabcinka ya fi Zara kusa.

Washegari da hantsi na yafa mayafina, na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya da ƙafata. Na gaya wa matan abin da ya faru tun kafin su ji shi a karkace, na ce za a sake hawa da magariba, duk mai so ta zo. Wata tsohuwa ta tambaye ni me za ta gani a can. Na ce ta zo da gwiwarta kawai, ni zan tura ta ta baya.