Faifan da yayana ya ara

Shekarun baya, lokacin ina neman aikin koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi a Tsafe, na haɗa wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, tsirara, ko murfi babu. Na cika ta da littattafai da bidiyon darussa, yadda malamai za su riƙa buɗewa a wayoyinsu ba sai da data ba. Hajiya mai makarantar ta ce in kawo ranar Asabar in nuna, in ta gamsu aikin nawa ne.

Irin wannan kwamfuta daga memori take tashi, irin na waya. To, ɗauke wutar Gusau ta kashe mini memori har biyu. Sai na yi dabara, na bar 'yan fayilolin tayarwa kawai a memorin, na kwashe duk tsarin aikinta da darussan na mayar kan faifan ajiya da ake jona mata da kebul. Memorin ya tashe ta, ya nuna mata faifan, shi kuma ya ɗauki sauran. In babu faifan ba ta zuwa ko'ina. Wata uku na yi a kai, har ina jin kaina wani injiniya.

Ranar Juma'a na dawo masallaci, na shiga ɗakinmu a Damba na kunna don gwajin ƙarshe. Rubutu ya gangaro a talabijin ɗin da na jona mata ya tsaya cak, wai tana jiran faifai. Na duba, kebul na lilo, faifai ya yi ɓatan dabo.

Bayan la'asar yayana ya shigo ya jefo mini shi kan katifa. Ashe Tudun Wada ya kai shi wajen masu tura fina-finai, don zai je Bungudu gidan abokinsa da ya yi aure, yana so ya kai musu abin kallo. Kwamfutar shagon kuwa ba ta gane irin tsarin da na yi masa.

"Ai ba komi cikinai," in ji shi. "Mai shagon ya ce sai an goge shi kahin ya buɗe, ni ko na ce ya goge."

Wallahi saura kaɗan in yi masa ihu. Amma a gidanmu ƙane ba ya ɗaga wa wansa murya, sai na kai ƙara wajen mahaifiyata. Ta juya faifan gaba da baya, ta ce ina abin faɗa, kayan ƙane ai na wa ne, ga shi an dawo da shi ko ƙwarzane babu. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Asabar na hau motar Tsafe da gawar kwamfuta a jaka, na roƙi a ƙara mini mako biyu. Hajiya ta saurare ni har na gama.

"Malam, wanda bai tsare kayanai cikin ɗakinai ba, ƙaƙa za ya tsare na makaranta?"

Wani aka ba aikin.

Na san da laifina. Ban ajiye kwafi a wani wuri ba, ina ta taƙama da dabara. Yanzu ko hoton fasfo sai na adana shi wuri biyu. Amma kada wani ya ce mini na huce, ban huce ba. Shekara biyu na yi ina zaga gari da takardu bayan wannan. Shi kuwa yayana har gobe in an tayar da zancen, cewa yake shi ya taɓa kai mini faifai gyara, ko na gode ban ce ba.