Wayar Mai Tsani

Mai Tsani muke ce masa, domin shekara talatin da shida ya yi yana hawa turakun wayar tarho da tsani a kafaɗa. Benci ɗaya muka zauna da shi a makarantar mishan, inda aka koya mana da bulala cewa tambaya ana amsa ta yadda aka yi ta, ba ƙari ba ragi. Ni na manta rabin abin da aka koya mana. Shi bai manta ko ɗaya ba.

Gidansa ne na ƙarshe a layinmu, bayan kwalbati, a gindin tudu, inda wayar hannu ba ta kamawa sai an fito tsakar titi. Wayar tagulla da ta shiga gidan shi ya ja ta da hannunsa a shekarar da ya yi aure. Tarhon ya mutu tun kafin ya yi ritaya, amma duk farkon damina sai ya jingina tsani ya goge kofunan tangaran da ke riƙe da ita, ya ɗaure inda ya saki.

"Kishiyata ce," in ji matarsa. "Ita ake shafa wa mai, ni ko oho."

"Ita ba ta mayar mini da magana," in ji shi.

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikin matar ya shanye, likita ya hana a ɗaga ta daga gado. 'Yarsu guda ce, Auta, tana aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, kuma takardunta ba su ba ta damar zuwa ta koma ba. Ta haifi ɗiya a can. Matar Mai Tsani ba ta roƙon komai sai ta ga fuskar Auta tana motsi, ta yi mata magana ta amsa. Hotuna maƙwabta na kawo mata, ta duba ta ture. "Hoto ba ya cewa na'am," in ji ta.

Sai gwamnati ta yi doka: dole kamfani ya kai sabuwar wayar intanet mai sauri kowane gida da ba shi da waya, a farashin da talaka zai iya. Doka ce mai kyau, ban taɓa cewa ba ita ba ce. Aka raba fom gida gida. Tambaya ta bakwai ta ce: Akwai waya da ta shiga gidanka?

Kowa a layin ya rubuta babu. Mai Tsani ya sa tabarau, ya leƙa ta taga ya ga wayarsa, ya rubuta akwai. Har ya ƙara kaurinta da shekarar da aka ja ta, da rubutunsa mai kyau.

Na ce masa, "Kai, wannan wayar ai gawa ce."

"Ba a tambaye ni ko tana da rai ba."

Ma'aikata suka zo da motarsu, suka bi layin gida gida, suka tsaya a bakin kwalbati suka naɗe kayansu. Ya bi su da sandarsa.

"Samari, saura ɗaya."

Babbansu ya duba na'urar hannunsa. "Baba, kai ai kana da waya. Ga shi kai ka rubuta."

"Ta mutu tun ba a haife ka ba."

"To Allah ya ji ƙanta. Mu abin da ke rajista muke bi."

Mai Tsani ya rubuta wasiƙa uku, ni na duba masa su, ko waƙafi bai ɓata ba. Muka je ofishin hukumar da ke kula da dokar, muka zauna a benci daga safe har azahar. Wata mata a bayan gilashi ta ce ba a karɓar koke a takarda, sai ta intanet. Muka shigar daga gidana. Amsa ta zo cewa za a sake duba rajista bayan wata goma sha takwas.

Ranar da ya gaya wa matarsa, ina bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, ƙarya ɗaya tak. Shekara hamsin ban roƙe ka ita ba."

Washegari da hantsi ya jingina tsani, yana da shekara saba'in da tara, ya hau da filaya a aljihu. Na riƙe masa ƙafar tsanin ina ji yana rawa. Ya datse wayar, ta faɗo cikin kwata. Ya ce ko mai dubawa zai zo ya ga babu. Ba wanda ya zo. Rajista ba ta leƙa taga.

Matar ta rasu a wata na biyar cikin sha takwas ɗin. Auta ta yi kukanta a wayata, a tsakar titi, muryarta na yankewa.

Har yau sunansa na cikin waɗanda doka ta wadatar. Kofunan tangaran suna nan a jikin bango, ba abin da suke riƙe da shi. Bana damina ta faɗi bai goge su ba.