Tsohon Ɗakin da Aka Sauke Mu a Panyu

Ana sallame sallar asuba ranar Alhamis muka bar masaukinmu na unguwar Guangyuan a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ni da abokina mutumin Maraɗi da muke haɗa kwantena. Mai masana'antar da na sayi tayil a wurinsa, wanda muke ce wa lawban, wato maigida, shi ya zo da mota. Ya ce shekara shida ina zuwa Guangzhou ban san ko'ina ba daga kasuwa sai filin jirgin Baiyun, yau kam sai na ga ƙasa.

Tayil ɗin nan ba na sayarwa ba ne. Gidan kakanmu na cikin birnin Kano za mu rushe mu jera shaguna, har an sa wa masu rusau ranar Asabar. Kowa ya yarda sai Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, da ta ce mu bari ta mutu tukuna. Ni kuwa na ce mata gidan ƙasa yanzu abin kunya ne, na kama mata haya mai famfo da wuta, na hau jirgi abina.

Hanyar Nansha, inda tashar jiragen ruwa take, ta ba ni tsoro. Gada a kan gada, ba rami ko ɗaya, ba mai tsayar da kai ya ce a ba shi na goro. Abokina ya fara ƙirga manyan motoci, da yake ce wa kamyo, ya kai ɗari ya haƙura. Muka wuce gonakin ayaba da rake, sai ga teku, ga kwantenoni an ɗora su kamar sabulu a kanti. Na yi ta leƙe wai ko zan hango tamu, lawban ya yi dariya har da tari.

Daga nan muka juyo wani tsohon gari a yankin Panyu. Kai jama'a! Lunguna ne matsattsu irin na bayan kasuwar Kurmi, bango duk ya yi baƙi, amma mutane sun yi layi suna biyan kuɗi su shiga. Na ga amarya da ango, fes da su, ana ɗaukarsu hoto a jikin katangar da ni ko akuyata ba zan ɗaure a wurin ba. Wata katangar ma da ɓawon wata halittar teku aka gina ta, an jera shi kamar ƙwaryar kwakwa. Akwai babban zauren da suke ajiye sunayen kakanninsu suna kunna turare. Nan daga bakin ƙofa muka tsaya.

Wani lambu da ke garin shi ya fi tayar wa abokina hankali. Tafki ne cike da jajayen kifaye, kowanne ya kai cinyata, kuma ba mai kamawa, abinci ma ake saya a watsa musu. Ya daɗe yana kallo, ya ce wannan almubazzaranci ne. Ga itatuwa a tukwane, wai da gangan ake hana su girma, wani ya girmi ubana amma bai kai ƙuguna ba. Da rana muka ci shinkafa da kifin da aka turara, sai wata madara mai citta da ke daskarewa a kwano, ta yi daɗi ƙwarai. Muka tambayi yaji, aka ce meyo, babu.

Bayan la'asar aka kai mu masauki, kuma a nan na tafka abin kunyata. Mun wuce otal-otal masu gilashi, sai lawban ya shigar da mu wani tsohon gida, ya buɗe ɗakin can ƙurya yana murmushi. Bango ba filasta. Gadon katako ya sha hannu har ya yi sulɓi. Sama azara ce baƙa ƙirin, taga kuma ta itace. Nan take raina ya ɓaci. Mu a wurinmu baƙo da sabon abu ake karrama shi, sabon zanin gado, sabuwar tabarma, kwanon da ba a taɓa ci a ciki ba. Na dubi abokina na ce, "Ka gani ko? Don mu baƙar fata ne aka kawo mu ɗakin ajiyar shirgi." Na suri jakata na fito tsakar gida ina faɗa, Hausa da Turanci duk na haɗa. Na ce ko a tasha zan kwana, amma ba a nan ba.

Fuskar lawban ta yi ja. Bai yi fushi ba, wayarsa ya ciro ya nuna mini. Wata guda ke nan da ya kama ɗakin, don layi ake bi, kuma kwana ɗaya a cikinsa ya fi kwana uku a otal ɗin gilashi tsada. Ya ce ko surukinsa bai taɓa saukewa a nan ba. Ana haka mai gidan ta fito, tsohuwa 'yar ƙarama, da butar shayi a hannu. Ta ce a gaya mini a kan gadon nan aka haifi kakanta, gidan ya haura shekara ɗari biyu, kuma sau uku ana zuwa saye tana kora. Tana magana tana shafa bangon.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ba da haƙuri, na koma ɗakin na zauna a bakin gado. Da na ɗaga kai na ga azarar nan, sai zaurenmu ya faɗo mini: ɗaurin gugan rufinsa da magina ke zuwa kallo, zanen da ke goshin ƙofa, dakalin da kakanmu ya yi shekara hamsin yana dukanci a kai. Namu ya fi wannan kyau nesa ba kusa ba, kuma jibi za a sa masa diga.

Nan da nan na kira ƙanena. Lokacin hantsi ne a Kano. Kafin in buɗe baki ya ce, "Yaya, albishirinka! Masu rusau sun samu sarari, tun jiya suka fara. Zaure da soro duk sun kwanta." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce ya dakatar da su yanzu-yanzu. Ya ce, "Lafiya, Yaya?" Na daka masa tsawa, alhali umarnina ya bi.

Sauran tafiyar ban san me na gani ba. Da safe an zaga da mu wani lambun, an ɗauke ni hoto, duk na fito kamar mai zaman makoki. Ranar Lahadi muka tashi daga Baiyun.

Daga filin jirgi ko gidana ban biya ba, cikin birni na nufa. Fili na tarar, tarin ƙasa da tubali, an sayar da azara wa masu gidan burodi. Ɗaki ɗaya ne ya tsira, na Gwaggo, domin ta ƙi fita, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta ce sai dai su haɗa da ita. Na durƙusa na gaishe ta, na kwashe labarin tsohuwar Panyu da gadonta na faɗa mata, ina hawaye, ni da furfurata.

Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma na yarda. Na koyo cewa ba kowane tsohon abu ne talauci ba, sai dai ilimin nawa ya zo ihu bayan hari. Gwaggo ta saurare ni har na gama, ta gyara mayafinta ta ce, "Allah sarki, ɗan nan. Ita da ta faɗa da Sinanci ka ji. Ni da na faɗa maka da Hausa fa?"