Ma'aikatan Gandu Ba Su da Mai Masauki

Duk garin da na taɓa sauka a yawona, akwai mutumin da ya karɓe ni. A zangon Kumasi wani Bazabarme ne mai fataucin goro. A Yarwa wani Babarbare ne da ba ya sakin fuska sai an kawo abinci. A ƙasar Sudan, kan hanyar Makka, wani tsohon Balarabe ne ya ba ni rumfa a bayan gidansa har na yi noman damina guda. Harsuna sun bambanta, amma al'adar ɗaya ce. Mai masaukinka shi ke nuna ka ga mai unguwa, in ka yi faɗa shi ake nema, in ka kwanta ciwo a gidansa ake dama maka kunu, in ka mutu shi ke tara mutane. Wuri ɗaya ne na zauna ba ni da shi, kuma a ƙasar Hausa ne, inda babu kalmar da ba na ji.

Lokacin Turawa ba su daɗe da fara killace dazuzzuka ba. An ɗauke ni aikin tsaron wani gandun daji gabas da Dutse, wajen hanyar Kiyawa, saboda ina jin Fillanci da ɗan Turanci. Dajin marke ne da ƙirya da aduwa, da sabara a kan jigayi, sai duwatsu da ake hangowa ta yamma. Baturen daji, mai kula da gandun, ya ce mutum huɗu zai turo. Mu biyu muka iso.

Da gangan ya zaɓo baƙi. Ya gaya mini da irin Hausarsa ta wanda ya koya a littafi cewa ɗan gari ba zai kama kawunsa ba. Don haka kuma ya sa aka gina mana bukkoki a bakin gandun, nesa da ƙauye, kusa da wata tsohuwar rijiya. A ganinsa ya kyautata mana, ga ɗaki, ga ruwa, ba mai damun mu.

Aikin iri biyu ne. Mu zaga iyaka mu hana sara da kiwo da sa wuta, sannan mu raini wasu 'yan itatuwa da ya dasa don gwaji. Daga Indiya aka kawo irinsu, su ne yanzu ake kira dalbejiya. Yana so ya ga ko za su rayu a rairayin jigawa. Da rani kullum sai an ba su ruwa, kuma rijiyar tana da zurfi, ɗaya na jan guga ɗaya na ɗaukar tulu.

Abokin aikina mutumin Haɗeja ne, ɗan gidan masunta. Shekarar da ruwa bai cika fadamunsu ba ya karɓi aikin. Bakinsa ba ya hutawa.

"Malam, wannan ƙasa taku ko kwaɗo aka kawo sai ya nemi a sallame shi."

"Ai ba ƙasata ba ce."

"To ta wace ce? Duk wanda na tambaya sai ya ce ba tasa ba, ta Bature ce. Shi kuma Baturen yana Kano yana shan inuwa, mu muna shayar da 'ya'yansa."

Mutanen ƙauyen ba su taɓa zagin mu ba. In mun haɗu a hanya sukan gaishe mu gaisuwa cikakkiya, har a tambayi gajiya da iyali. Daga nan kuma ba ƙari. Goron suna bai taɓa iso mu ba. Rasuwa kuwa sai mun ga mutane suna dawowa daga maƙabarta muke sani. Na zauna cikin Ashantawa waɗanda ba mu haɗa addini ba, amma can in an yi biki akwai wanda zai leƙo ya ce ka zo ka ci. A nan muna sahu ɗaya a masallaci, ana sallamewa kowa ya nemi takalminsa. Ba wanda ya ɗauki nauyinmu, saboda haka ba wanda ya san ta inda zai kama mu.

Ni dai ina da mutumin Haɗeja. Da shi nake cin tuwo, shi nake wa gardama, shi ke bi na salla in ba mu shiga gari ba.

Wata damina saƙo ya zo masa cewa matarsa tana da juna biyu. Iyayenta sun rasu, babu gidan da za ta je goyon ciki. Ya zauna a bakin rijiya yana murza igiyar guga.

"Malam, zan ɗauko ta. Amma ba zan ajiye mace mai ciki a bukkar nan ba. Wa zai yanke cibi, kai? Wa zai dafa mata ruwan wanka?"

"Sai a nemi gida a cikin gari."

"Kai ne mai jin harsuna da yawa, ka nemo. In an karɓe ta, na zauna. In ba a karɓa ba, ruwa na fara janyewa zan koma ga komata ta kamun kifi."

Da Bature ya zo rangadi na kai masa maganar. Ya cire hularsa ya goge gumi, ya ce shi ma ya gaji da neman mutane, duk wanda aka ce za a turo nan sai ya kawo uzuri. Ya ce in gari zai karɓe mu bai hana mu koma ciki ba, amma doka tana nan yadda take.

Na tafi wurin malamin ƙauyen bayan la'asar. Asalin gidansu unguwar Limawa ce a cikin Dutse, kuma ko dagaci ba ya yanke magana sai ya ji ta bakinsa. Ya sa aka shimfiɗa mini buzu a zaure. Ya tambaye ni yadda malaman Sudan ke karantarwa, muka ɗan taɓa Larabci, ya yi dariyar yadda nake furta wasu haruffa, ya ce bakin 'yan kasuwa na kwaso. Rabon da in zauna a zauren wani haka har na manta. Sai na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ja carbinsa, sannan ya ce:

"Kai da ka yi yawo, ka san abin da ake nufi da mai masauki."

"Na sani, Allah gafarta Malam."

"To ranar da ka kama ƙanena da gatari a gindin marke, ka kai shi gaban alƙali a Dutse, bayan wa zan tsaya? In na tsaya bayansa na ci amanar baƙona. In na tsaya bayanka, da wane ido zan dubi garin nan?"

Ya dube ni, ya ci gaba.

"Ka ce mini ba za ka kama kowa daga garin nan ba. Yau a share muku ɗaki."

Na ce masa ranar da aka ɗauke ni aiki Alƙur'ani na dafa. Ya gyaɗa kai, ya ce ya yi zaton haka, kuma ba shi ne zai sa mutum ya karya rantsuwa ba.

"To a karɓi matar ita kaɗai, Malam. Ita ba ta dafa komai ba."

"Mai jego tana cin itace, ka sani. Safe da yamma sai an tafasa ruwa har ta yi arba'in. Matan gidan nan daga ina kake tsammani suke samo itace? Ka sani, ni ma na sani, amma ba mu taɓa gaya wa juna ba. In matar ma'aikacin gandu ta shigo ta zauna a kan wutar nan, an faɗa ke nan. Sannan sai ko dai mijinta ya kama masu yi mata hidima, ko ya zama maƙaryaci."

Ya raka ni har ƙofa, ya sa aka ba ni dabino a ƙwarya. Na tabbata bai ji daɗin maganar ba.

Mutumin Haɗeja yana gyara shingen ƙaya na iso. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni.

"Dabino suka ba ka?"

"Shi."

"To ai an sallame mu ke nan." Ya ɗauki ɗaya ya ci. "Ko banza dai dabinonsu ya fi halinsu zaƙi."

"Ba halinsu ba ne. Aikinmu ne."

"Ni nawa ya ƙare, Malam."

Bayan girbi ya naɗe rigar aiki ya ajiye a kan gadona don in mayar. Na raka shi har inda hanyar Miga ta rabu. Ya ce in biyo shi, a can ko makaho yana samun mai ba shi kifi. Na ce in na tafi awaki za su cinye 'ya'yan Bature kafin Juma'a. Ya ce Allah ya ba awakin sa'a. Muka yi musafaha, ya saɓa ƙunshinsa ya tafi yana waƙar masunta, har jigawa ta ɓoye shi.

Ranin nan ban iya shayar da itatuwan duka ba. Nakan ja guga, in zuba a tulu, in ɗauka, in dawo in sake ja, rana ta take ban kai rabi ba. Na zaɓi layukan da ke kusa da rijiya na bar sauran. Bature ya zo ya tsaya a kan waɗanda suka bushe, ya ce yanzu bai san ko rairayi ne ya kashe su ko rashin mutum ba, sai an sake gwajin daga farko. Ya yi alkawarin turo wani. An turo, ya yi 'yan makonni, ya je kasuwar Kiyawa bai dawo ba.

Na shekara da shekaru a wurin. Wani lokaci sai in lura tun asuba ban buɗe baki ba sai a salla. Waɗanda nake magana da su sosai Fulani ne masu wucewa da kaka. In na hango shanu sun nufo iyaka, nakan tare mai su da Fillanci. Sai ya yi murna, ya jingina da sandarsa, in tambaye shi daga ina, yaya ruwa a can, yaya tsofaffi, wace cuta ta taɓa garke bana. Nakan ja gaisuwar iyakar yadda za ta jawu, ina kallon shanun suna matsowa kusa da ciyawa, kafin in gaya masa cewa nan gandu ne, ya juya da su.