Kwana Goma Sha Biyu Ban Ɗauki Jikata Ba

Na sauka Manchester jikata tana da kwana ashirin da takwas a duniya. Na so in riski suna, amma biza ba ta fito ba sai da aka daɗe da cinye ragon. Uwar 'ya'yana ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, don haka ni kaɗai na zo, da jakar tufafina da ƙullin kuka da daddawa da ta aiko wa surukarta. Tikitina na mako biyu ne. Abin da ya kawo ni kuwa ɗaya ne: in ɗauki yarinyar nan in yi mata addu'a, don sunan mahaifiyata aka sa mata.

Ɗana, wanda yake karatun digiri na uku a can, shi ne ɗana na fari. Tun da aka haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban kuma taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Haka muka taso muka tarar, haka kuma ya koya daga gare ni. Gidansu a Gorton yake, cikin jerin gidajen jan bulo da suke manne da juna. Falo da kicin a ƙasa, ɗakin kwana a sama. Aka shimfiɗa mini a falo.

Ranar da na iso, surukata ta sauko ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe ni, jaririyar na goye cikin hijabi. Na amsa kaina a sunkuye, na sa albarka, ta koma sama. Abin da na gani na jikata ran nan bai wuce tafin ƙafa ɗaya cikin farar safa ba.

Da a gida ne, ba sai an yi magana ba. Wata gwaggo za ta fito da jaririya ta ɗora mini a cinya, ta tsaya tana yi mini tsiya. A nan babu gwaggo. Mu uku ne, kuma kowa da abin da ya ɗaure shi. Ni ba zan hau ɗakin suruka ba. Ita ba za ta miƙo mini 'yarta ta fari da hannunta ba. Shi kuwa ba zai ɗauki 'yarsa a gaban ubansa ba. Kullum da safe nakan ce, "Baƙuwa ta tashi lafiya?" Yakan ce lafiya lau, ya dubi ƙasa, sai maganar ta mutu. Ina jin kukanta ta saman kaina, ina jin takun mai jijjiga ta, ina zaune ina jan carbi.

Da ya ga na yi shiru da yawa, sai ya ɗauka zaman gida ne ya ishe ni. Ya nemi hutu a jami'a, ya rubuta jerin wuraren da zai kai ni. Tun daga rana ta biyu, da mun karya sai ya miƙo mini rigar sanyi.

Ba zan yi butulci ba, na ga abubuwa. Ya kai ni babban ginin hukumar gari mai doguwar hasumiya da agogo, inda na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Ya kai ni ragowar ganuwar da Rumawa suka gina, kusa da wasu magudanan ruwa da aka haƙa da hannu don jigilar kaya. Na dafa dutsen na tuna badalar Kano, yadda muke hawa muna yara, na ce kowace al'umma da katangar da ta taɓa dogara da ita, mulki na Allah ne. Ya nuna mini tsofaffin masaƙu, ya ce daga irinsu ake kai atamfa ƙasarmu a da. Wannan ya taɓa ni, don mahaifina fataucin yadi ya yi, kuma tun ban san inda garin yake ba nake jin sunansa a bakinsa. Mun hau tarago mai bin titi zuwa Salford, mun tsaya a bakin ruwa iska tana yanka kunne. A wani tsohon ɗakin karatu mai kama da coci na ga littafin Larabci na hannu a cikin gilashi, na tsaya na karanta layi uku, na yaba wa wanda ya fiƙe alƙalamin.

Da yamma nakan rubuta abin da na gani a ɗan littafina da ajami, don in karanta wa uwar 'ya'yana. Ita kuwa duk ranar da muka yi waya ba ta tambayar hasumiya. Tambayarta ita ce wa yarinyar ta ɗebo, hancin wa, goshin wa. Nakan ce jarirai ai duk kamarsu ɗaya. Ta ce ban taɓa faɗin haka a kan jikokin da ke gida ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Wata rana a cikin bas na shirya maganar ɗaukar jikata a raina tsaf, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko wani coci da muka wuce ya kai shekara ɗari biyu. Ya yi murna, ya ba ni tarihinsa har muka sauka.

Ran da na cika kwana goma sha biyu jaririya ta yi arba'in. Surukata tana da ƙanwar uwa a Birmingham, can za ta fara yawon arba'in, aka ce mu tafi gaba ɗaya. A jirgin ƙasa ni da ɗana muka zauna gaba, ita da keken jaririya a baya. Saura mini kwana biyu. Na riga na fara lallashin zuciyata cewa addu'a ba ta buƙatar hannu.

Matar da za mu ziyarta ba ta tashi daga aiki sai azahar, don haka ɗana ya ce mu fara ganin sabon ɗakin karatu na garin, wani ƙaton gini da aka lulluɓe da zobban ƙarfe kamar aikin maƙerin azurfa. Muka tarar da ƙofa a rufe. Ya karanta sanarwa ya ce an rage lokutan buɗewa, don shekarun nan gwamnati tana tsuke bakin aljihu, hukumar gari ba kuɗi, sai nan da kusan awa guda. Muka sami benci a filin da ke gaban ginin. Surukata ta yi wa mijinta magana ƙasa-ƙasa, ta nufi wani shagon shayi don ta kama ruwa. Ta bar keken a tsakaninmu, an ja masa rumfa.

Ba ta daɗe da tafiya ba yarinya ta farka. Ta fara da ƙananan koke-koke, sannan ta buɗe murya. Ɗana ya miƙe tsaye. Ya kai hannu, ya janye, ya zura shi a aljihu. Sai ya juya ga ginin ya shiga yi mini bayanin hawa nawa ne, da littattafan da ke ciki, da lambun da aka shuka a kan rufi, muryarsa tana ƙara sama yadda kukan yake ƙaruwa. Na dube shi. A cikin wannan sanyi, gumi ne a goshinsa.

Wata tsohuwar Baturiya mai jan jakar cefane ta tsaya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi wata magana a taƙaice, ta wuce tana girgiza kai. Na tambaye shi me ta ce. Ya ce cewa ta yi maza biyu, hannuwa huɗu, an rasa mai ɗaukar yarinya.

Na ce, "Ta fi mu gaskiya."

Na yi bismilla na ɗage rumfar. Fuska ta yi ja, baki a buɗe, hannu a dunƙule. Na sa hannu na ɗago ta na kwantar a ƙirjina cikin rigar sanyi. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ce, "Haba Inna, ni ne fa. Tun daga Kano na zo, sai ki tarbe ni da faɗa?" Ta ja ajiyar zuciya biyu ta yi shiru. Na tofa mata abin da ya sauwaƙa, na roƙi Allah Ya raya ta a kan imani, Ya ba ta haƙurin mai sunanta. Goshin kuwa na mahaifiyata ne, ba ko tantama.

Ɗana ya zauna a hankali. Ya ce shi ya zaci ba na son hayaniyar jarirai, shi ya sa yake fitar da ni. Na ce ni kuma na zaci so yake in san Turai. Muka yi dariya, kowa na kallon gabansa. Na tambaye shi takun wa nake ji a sama idan tana kuka, don ya fi ƙarfin na mace. Ya sosa ƙeya yana murmushi.

Surukata ta dawo da kofunan shayi, ta hango mu ta tsaya cak. Na ce mata ta ƙaraso, 'yata, ba ƙwace zan yi ba. Ta rufe baki da gefen hijabi, tana ɓoye dariya.

Da aka buɗe ƙofa muka shiga, yarinya tana hannuna. An ce mun hau har rufi, an ce ana ganin garin duka daga can. Ni dai ban riƙe komai ba. Da hannuna ya gaji, surukata ta matso za ta karɓa, sai na juya wajen ɗana na ce, "Kai, karɓi 'yarka."

Ya dube ni, ya dubi matarsa. Na ce ba zan maimaita ba. Ya karɓe ta da hannu ɗaya, ya gyara mata wuya da ɗayan, irin riƙon wanda ya daɗe da iyawa. Na tsaya ina kallonsa, ban kau da kai ba.

A jirgin komowa muka zauna kujera huɗu masu fuskantar juna. Ya ce gobe akwai wani gidan tarihi da ya rage. Na ce ya bar shi sai wani zuwan, in Allah Ya kai mu. Gobe a falo zan wuni, kuma da an gama yi wa Inna wanka a sauko mini da ita.